Ungozomar da Suka Sa a Talabijin

Litinin

Zuwa ga ɗana Mai-Tabarau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Na ji an ce bara kun sami ƙaruwa, Allah ya raya. Ni ma da sauƙi, sai gwiwar nan da ta saba, da hawan jini da ya zo baƙunta ya ƙi tafiya.

Na san za ka juya takardar nan kana tunanin wace ce. Ni ce gwaggonka ungozoma. Kakanka da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne. Rabonmu da haɗuwa tun rasuwar mahaifinka, shekara takwas ke nan, ni ce na ɗaure maka yatsa ranar da ƙofar mota ta datse ka. Ka gafarce ni da ban neme ka ba sai da wuta ta kama ni. Wasiƙa na rubuto domin na kashe wayata, abin da ake kira ana faɗa mini ba ya maimaituwa.

An ce kana aiki a ofishin da ke duba fina-finai da shirye-shiryen talabijin kafin a sake su. To akwai shirin da ake nunawa kowace Asabar bayan la'asar, na wata ungozoma mai musanya jarirai. Kafin ya fara sai allo ya yi baƙi, a rubuta da manyan haruffa: WANNAN LABARI GASKIYA NE. Ɗana, ni suka sa a ciki. Ba su kira sunana ba, amma matar tana ɗingisa ƙafar hagu kamar ni, tana maƙala agogo a ƙirji kamar ni, asibitinta gado shida da koren ƙofa kamar nawa. Har maganar da nake yi wa mai naƙuda, “Daure, 'yata, saura ƙiris,” sun sa mata a baki.

Ga abin da ya faru na gaskiya. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, wata safiya, mata biyu suka haihu a wurina, minti goma tsakani, duka 'ya'ya mata. Ɗaya matar tela, ɗaya matar wani ɗan kwangila. Sabuwar ma'aikaciyata ta ɗaura wa jariran zaren shaida a karkace, na wannan a hannun waccan. Kafin awa guda na gane, domin 'yar tela tana da tawadar Allah a bayan kunne, da idona na gan ta lokacin da na karɓe ta. Na gyara, na kira iyaye maza biyun na faɗa musu da bakina, na rubuta rahoto. Hukumar lafiya ta zo ta bincika ta ce ba laifi. Iyakarsa ke nan.

A shirin kuwa, da gangan matar ta ba mai kuɗi lafiyayyar jaririya, ta ba tela mai ciwo.

Sati uku ke nan ba wadda ta zo awo. Gadaje shida a shimfiɗe, ina kaɗe musu ƙura. Don girman Allah ka duba mini, ba dokar da ta hana a kira ƙarya gaskiya? Ka ba direban da ya kawo maka wannan amsa, duk Alhamis yana dawowa.

Gwaggonka.

*

Juma'a

Ɗana Mai-Tabarau,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Alhamis biyu ina zuwa tasha, direba yana juya mini tafin hannu. Ya rantse a hannun mai gadin ofishinku ya sa wasiƙata. In kunyar a san kana da dangi irina kake ji, ka faɗa mini, ba zan riƙe ka ba. Amma ka karanta wannan tukuna.

Jiya matar tela ta zo. Ba ta shigo ta ƙofar gaba ba, ta bayan gida ta zagayo kamar mai sata. Ta zauna a bencin da masu awo suke jira, ta kasa gaishe ni. Can ta ce, “Inna, ki dubi Allah ki faɗa mini, yarinyar nan tawa ce?”

Na ce, “Ke da kika shayar da ita shekara biyu kike tambayata?”

Ta ce, “Ni ban taɓa shakka ba. Babanta ne. Tun da aka fara shirin nan yake zama yana kallon hancinta. Yarinyar tana yawan ciwon ƙirji, shi kuma yanzu ya ce ai ga shi, mai ciwon aka ba mu. Abokansa a shago suna cewa da ba gaskiya ba ne da hukuma ba ta bari an rubuta ba.”

Ka ji fa. Da hukuma ba ta bari ba. Ofishinku suke kafa hujja da shi.

Na ɗauko mata kwafin rahoton, ta ce mijinta ya ce takarda ai ni na rubuta ta. Ɗan kwangilar kuwa sun bar garin tun yarinyar tana rarrafe, ba wanda ya san inda suka nufa.

A makaranta yara sun fara kiran yarinyar “'Yar Musanya”. Ni tawa ta ƙare, na tsufa, in an rufe asibitin zan ci abin da Allah ya ba ni. Amma yara sama da dubu biyu na karɓa da hannun nan. In kowane uba ya fara duban hancin ɗansa, ina za a kai?

Ka amsa mini ko layi biyu ne.

Gwaggonka.

*

Laraba

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa. Muna lafiya, ƙaramin ne yake haƙori ya hana kowa sakat. Maiɗakina tana gaishe ki, ta ce a rage gishiri saboda hawan jinin. Na gane ki tun layin farko. Har yau yatsan nan farcensa a karkace yake fitowa.

Wasiƙunki biyu sun iso. Ba kunyarki nake ji ba, Gwaggo, Allah ya kiyaye. Na tsaya ne in sami abin faɗa, kada in aiko miki da hannu rabbana.

Bari in faɗa miki yadda aikinmu yake, ko da ba zai yi miki daɗi ba. Muna da ɗaki mai kujera huɗu da allo ɗaya. Mutum ya zauna da takarda mai layi goma sha biyu, yana kallo yana sa alama. Akwai tsiraici? Akwai zagi? Akwai tunzura jama'a? Akwai abin da bai dace yara su gani ba? In babu, a buga hatimi. Duk cikin layukan nan ba inda aka ce a tambayi mai fim, wannan da ka ce gaskiya ne, ina shaidarka? Abin takaici, in mai sabulu ya yi talla ya ce yana fitar da tabo alhali ba ya fitarwa, muna da sashen da za mu ci shi tara. Mai fim kuwa ya ɗauki rayuwar mutum sukutum ya juya ta, ya rubuta gaskiya ne, ba sashen da ya taɓa shi.

Na je wurin lauyan ofishinmu da wasiƙarki. Tambayar farko da ya yi: “Sun kira sunanta?” Na ce a'a. “Sunan asibitin? Sunan garin?” Na ce a'a, amma duk unguwarsu sun gane ta. Ya ce, “To sai ta je kotu ta tabbatar ita ce, su kuma lauyoyinsu su ce ba ita ba ce. Shekara uku in an yi sauri.” Na ce, “Wato sai ta rantse ita ce muguwar kafin ta rantse ba ita ba ce?” Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Akwai daftarin sabuwar ƙa'ida da aka rubuta shekara biyu da suka wuce, yana cikin durowa. Ya ce duk wanda zai rubuta “gaskiya ne” sai ya kawo hujjojinsa, ya kuma nemi mutanen da ke raye ya ji ta bakinsu. In ya ƙara gishiri, dole ya faɗa a fili cewa an ƙara. Masu shirya fim suka ce za a kashe musu sana'a, maganar ta kwanta.

Amma ban zauna ba. Na kai maganar shirin da rubutun nan na farkonsa gaban shugabana, na ajiye masa kwafin wasiƙarki ta biyu. Ya karanta, ya cire hula ya sosa kai. Ya yarda a aika musu takarda su cire shi kafin Asabar ta sama. Da hannuna na buga takardar.

Ki daure, Gwaggo. Ki riƙa shan maganinki.

Ɗanki.

*

Alhamis

Ɗana, ɗan albarka,

Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuriya, ya sa ka gama da duniya lafiya. A tasha na buɗe wasiƙarka, a tsaye. Bayanin dokokinku ban fahimci rabinsa ba, amma da na kai inda ka ce za su cire shi kafin Asabar ta sama, sai ga ni zaune a kan buhun wani ina kuka. Direba ya zaci rasuwa aka yi.

Ga ɗan haƙori, ku wanke hannu ku riƙa shafa masa dasashi da tsumma mai sanyi. Kada ku saya masa garin nan da ake tallatawa.

Daga tasha shagon tela na wuce kai tsaye. Yana kan keken ɗinki, bai ɗago ba. Na ce, “Hukumar da kake cewa da ƙarya ne da ba ta bari ba, to ta hana. Ɗana yana can, shi ya buga takardar. Ranar Asabar ka zo asibitina ka gani da idonka.” Ya tsayar da keken ya ce, “In aka cire, zan zo har gida in ba ki haƙuri.” A gaban mutum biyar ya faɗa.

Na gaya wa mai kanti, na gaya wa matan layinmu. Na sa an sauko da talabijin ɗin ɗakina zuwa ɗakin jira, na aro benci biyu. Ina so su zauna, lokacin ya yi, su ga an sa wani abu daban. Yau na ci abinci har na ƙara.

Gwaggonka mai godiya.

*

Lahadi

Mai-Tabarau,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ban sani ba ko lafiya nake.

Sun zo. Mutum ya fi talatin, har a taga. Tela a gaba, matarsa a bayansa, yarinyar a gefen ƙofa da littafinta a hannu. Lokaci ya yi, kiɗan nan ya tashi. Shirin ne. Ba abin da aka cire sai manyan haruffan. A madadinsu wani ɗan rubutu ya gilma a ƙasan allo, ƙanana kamar ƙwan tururuwa, kafin in gyara zama ya ɓace. Ba wanda ya karanta.

Kuma ka san wane kashi aka nuna? Wanda matar take karɓar ambulan ɗin kuɗi a bayan asibiti, tana lasar yatsa tana buɗewa, sannan ta shiga ta kwance zaren hannun jariran tana murmushi. A cikin ɗakin jirana, a talabijin ɗina, ni na tara su da bakina suka kalla.

Na kasa tashi in kashe. Wata ta ce, “Ikon Allah, har labulen iri ɗaya.” Tela ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, “Kin gama wasa da hankalina.” Ya dubi matarsa ya ce gobe za a je a ɗebi jininsa da na yarinyar a gwada. A gaban yarinyar ya faɗa. Ban ga fitarta ba, littafin kawai na tsinta a ƙasa.

Da safen nan na tarar an shafa wa ƙofar asibitin baƙin mai.

Me na yi maka? In ba za ka iya ba, ai sai ka ce ba za ka iya ba. Na ɗauki maganarka na kai kasuwa, ga shi na zama maƙaryaciya sau biyu. Na sake karanta wasiƙarka sau bakwai. Ka ce “su cire shi”. Wane ne shi?

Kada ka wahalar da kanka da amsa in irin waccan ce.

Ungozoma.

*

Talata

Gwaggo,

Ina gaishe ki, in kin yarda ki amsa. Wasiƙarki ta godiya da ta Lahadi rana ɗaya suka zo hannuna, domin motar ta lalace a hanya ta yi kwana huɗu. Da ta farkon ta iso a kan lokaci, da na bar aiki na taho da kaina na hana ki tara mutane. Rubutun nake nufi, Gwaggo, rubutun farkon shirin. Ba mu da ikon dakatar da shirin da muka riga muka buga wa hatimi. Laifina ne, na rubuta kamar ina magana da abokin ofis. Ko rubutun ma roƙonsu muka yi, ba umarni ba, shi ya sa suka mai da shi ƙanana suka ba shi daƙiƙa uku.

Akwai abin da ya fi wannan, wanda ya hana ni amsa miki sati biyu. Na ce miki na tsaya neman abin faɗa. Ba duka gaskiyar ke nan ba.

Ni na duba shirin. Kashi goma sha uku, kwana uku ina kallo a ɗakin nan mai kujera huɗu. Sa hannuna ne a ƙasan takardar. Na ga haruffan nan sau goma sha uku, ban tambayi kowa komai ba, domin ba layin da ya ce in tambaya. Har na ce wa abokin aikina matar nan ta iya wasa. A kashi na uku, da ta juya tana ɗingishi da agogo a ƙirji, wani abu ya ɗarsu a raina, na ce kamar wata gwaggona. Sai na ce ungozoma nawa ne a duniya, na ci gaba da sa alama. Lokacin tashi ya kusa, ina so in riga cunkoso.

Ba na neman ki yafe mini yanzu.

Ga abin da na yi. Na rubuta wa shugabanninmu cewa ni na sa hannu kuma na cuci mutum, na haɗa da wasiƙunki bayan na rufe duk abin da zai nuna ko su wane ne. Shugabana ya ce na haƙa wa kaina rami, an ɗauke ni daga ɗakin kallo an mai da ni ɗakin ajiyar fayil. Ba komai. Amma takardar ta kai inda ban zata ba, an ciro daftarin nan daga durowa. Ranar Laraba ta ƙarshen wata za a yi zaman jin ra'ayi. Masu fim za su zo da lauyoyinsu. Wanda ya shirya naki ma zai zo, na ji yana cewa a waya shi darasi ya so ya koyar, kuma ba a kallon labari in ba a ce gaskiya ne ba.

An bar gurbi ga wanda abin ya shafa. Minti biyar ne. Kada in sake yi miki maganar da za ki ɗauka fiye da yadda take: ko an amince da ƙa'idar, ba za ta koma baya ta taɓa shirinki ba. Za a gama nuna shi. Na gaba kawai za ta tsare. Ba ki da abin samu a ciki, kuma za a ɗauki hoto. In kin ce a'a, ba wanda zai ga laifinki.

Ina labarin yarinyar?

Ɗanki, in har yanzu kin yarda.

*

Asabar

Ɗana,

Na amsa gaisuwarka. Ya jikin ɗan haƙori? Ni jinin ya hau sosai makon jiya, har ma'aikaciyata ta dā ta zo ta kwana biyu tana duba ni. Ita ce wadda ta ɗaura zaren nan a karkace. Yanzu 'ya'yanta huɗu, tana ta kuka tana cewa ita ta jawo mini. Na ce ta yi shiru, kuskuren awa guda ba shi ya yi wannan ba.

Wasiƙarka ta kwana goma a ƙarƙashin matashina. Ranar farko na so in yaga ta. Ba zan ce maka na huce ba. Duk sanda na tuna kana zaune kana kallon matar nan kana duba agogo don ka riga cunkoso, sai raina ya sake ɓaci. Amma ni ma na taɓa tsayawa gaban maza biyu na ce an yi kuskure a ƙarƙashin hannuna, na san abin da ake haɗiya kafin a faɗa. Mu bar shi a nan tukuna.

Ka tambayi yarinyar. Sakamakon gwajin jinin ya fito ranar Talata. 'Yar tela ce, kamar yadda na faɗa shekara goma sha huɗu da suka wuce. An ce a bakin ɗakin gwajin ya buɗe takardar, ya jingina da bango, ya zame har ƙasa. Ya je gida ya sayo mata takalmi da jaka. Ta karɓa ta ce ta gode, ta ajiye a bakin ƙofarsa. Tun ranar ba ta ci abinci a inda yake ba. In ya shigo ta gaishe shi kamar baƙo ta fita. Uwar ta ce ta ji ta tana cewa, “Da takardar ta ce a'a, ina zai kai ni?”

Telan ya zo wurina, shi kaɗai, da hantsi, ba mutum biyar ɗin da ya yi alkawari a gabansu. Ya kawo fenti ya shafe ƙofar da hannunsa. Na bar shi ya yi. Mutanen layi kuwa sun ce to wannan dai ta fita, sauran fa? Mace ɗaya ta zo awo a wata guda. Ƙarshen wata zan sallami mai shara in rufe ɗakuna biyu.

Shekaranjiya uwar ta kawo mini yarinyar, ta ce ta ƙi makaranta, ta ce wurina take son zuwa. Ta zauna a kan gadon da aka haife ta, ta ce, “Inna, faɗa mini ranar, yadda ta faru, kada ki rage komai.” Na faɗa mata. Ruwan da aka yi da safen, yadda ta fito da hannu ɗaya a kunci, kukan da ta callara har matar ɗan kwangila ta ce wannan za ta yi faɗa. Da yadda babanta ya karɓe ta, ya ce a rufa mata rigarsa kada sanyi ya kama ta. A nan ta juya fuska bango. Na ƙyale ta har ta gama.

Zan zo ranar Larabar. Ba don na yarda da ofishinku ba. Motar safe zan shiga, ka tarye mu a tasha, gwiwar nan ba ta son hawa da sauka.

Na ce mu, domin yarinyar ta ga wasiƙarka a kan tebur ta karanta, ban hana ta ba. Ta ce za ta biyo ni. Uwarta ta yarda, uban ya ce ba shi da bakin hanawa. Na gaya mata za a ɗauki hoto, ta ce ai an riga an nuna ta ba a tambaye ta ba. Ka bincika mana ko ana barin 'yar shekara goma sha huɗu ta yi magana a irin wannan zama, kuma wannan karon ka rubuto mini amsar dalla-dalla. In ba a bari, ta ce ba komai, a sama mata kujera a layin gaba, daidai inda mai shirin zai zauna. Ta ce ba sai ta ce masa komai ba, so take ya ɗago ya gan ta.

Gwaggonka.